Tsakanin Na Sama Da Na Ƙasa

Shekara uku ke nan ina shugabantar sashe, amma yau na dawo gida zuciyata a cunkushe. Da safe manyanmu suka kira taro, suka ce aikin wata uku a gama shi cikin wata guda, ba ƙarin ma'aikaci ko ɗaya. Na fara bayani, oga yana ta latsa wayarsa, ya ce in turo masa ta imel.

Da na sauko na sanar da mutanena, wata ma'aikaciya da ta yi mako biyu tana tashi ƙarfe tara na dare ta dube ni kawai, ta tattara takardunta. Wallahi kallon nan ya fi zagi ciwo. A ganinta ni na yanke hukuncin, alhali ko hutun kwana ɗaya ba ni da ikon ba ta sai an sa hannu daga sama.

Mu manajojin ma ba ma riƙe juna. Kowa na ɓoye rahotonsa kada abokin aikinsa ya riga shi samun ƙarin girma, a taro kuwa sai ɗora wa juna laifi. Gobe kuma ni zan je teburinta in roƙe ta ta ƙara haƙuri.