Guguwa ta fara juyowa in na busa usur

Jama'a, yau ina da labari mai daɗi. Da safen nan a filin bayan gari karyata Guguwa ta hango garken awaki, ta ƙame, ta sunkuyar da kai yadda ta saba in za ta tashi. Na busa usur. Sai ta juyo ta nufo ni a guje har ta bugi gwiwata, kuma babu igiya a jikinta. Yaron da ke kiwon bai ma san abin da ya kusa faruwa ba, ni kuwa hannuna sai rawa yake. Waɗanda suka sha jin kukana tun damina sun san irin wuyar da na sha kafin a zo nan.

Ga sababbin shigowa: Guguwa karya ce 'yar Azawak, wato irin karnukan farauta masu gudu na yankin Azawak, na karɓo ta tana kwikwiya a hannun wani makiyayi daga wajen Abalak, don gadin garka da 'yan tumakina a nan Tawa. Gadi kam ba a koya mata ba, da shi aka haife ta. Baƙo bai isa ya taɓa ƙyauren garka ba ta sanar, tumakin gida kuma ko kallon banza ba ta yi musu, har kwanciya take a tsakaninsu. Matsalar duk tana kan dabbar da ba ta gida ba, in ta motsa da gudu.

Abin ya kai maƙura ranar da ta kama ɗan akuyar maƙwabciyata ta yaga masa cinya. Tsohuwar ta zo har ƙofar gida riƙe da shi, jini na ɗiga a zanenta, ta ce: "Ɗana, ko karyarka ko awakina, ɗaya zai bar unguwar nan." Na ce: "Inna, ki yi haƙuri, ni zan biya." Jikka goma sha biyar na ƙirga mata, ban da kuɗin ɗinki da allura wajen likitan dabbobi, a watan da ban gama biyan kuɗin lakwal na yara ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Shawarwari kuwa na sha su. Wani ya ce in ɗaure ta in zane ta a gaban akuyar. Ban yi ba, kuma ina roƙon duk mai irin wannan kare kada ya yi. Karen Azawak ba ya manta duka, zai daina yarda da hannunka ne kawai, gobe kuma in ka kira shi sai ya tsaya nesa yana auna ka. Wani ya ce in rufe ta ɗaki ɗaya da ƙaton rago ya tunkuye ta. Wannan na gwada. Ta koyi tsoron wannan ragon shi kaɗai, sauran dabbobin duniya kuma suna nan a matsayinsu na abin kora.

Daga nan na koma kan abin da kowa ya sani, doguwar igiya da lada. A tsakar gida abin gwanin sha'awa: in kira, ta zo, in ba ta gutsuren cuku ko busasshiyar hanta. A fili ma haka, muddin babu abin da ke motsi. Amma da akuya ta zabura, ko hantar sa guda na ɗaga mata ba za ta gani ba. Igiyar mita ashirin ta sha ƙone mini tafin hannu, ƙarangiya ta cika ta har ba ta riƙuwa, sau ɗaya kuma karyar ta kai ƙarshenta da cikakken gudu ta wuntsila, wuyanta ya yi baya. Wuyan waɗannan karnuka siriri ne kuma dogo, ban ƙara ɗaura igiyar a wuya ba. Na je wajen wani baduku a kasuwa ranar Lahadi, na zana masa a ƙasa, ya ɗinka mini abin ɗauri na fata mai zagaye ƙirji da kafaɗa. Jikka shida, kuma sai da ya sake shi, don na farkon ta zare jikinta daga ciki ta baya. Ƙirjinta mai zurfi ne, ƙugunta kuwa tafin hannu biyu sun zagaye shi, dole sai an ƙara maɗauri na uku a bayan haƙarƙari.

Wanda ya buɗe mini ido wani tsohon mafarauci ne da ke zama kusa da masu sayar da igiya. Ya saurare ni har na gama, ya ce: "Yaro, yaushe kake kiranta?" Na ce: "Baba, da ta tashi." Ya yi dariya ya ce: "Karen da ke farauta da ido, in ya tashi kunnensa ya mutu. Ka kira ta tun tana shawara." Daga ranar na daina kallon awaki, na koma kallon karyar. Ashe kafin ta tashi akwai ɗan tsaiko: jiki ya sandare, kai ya yi ƙasa ya miƙe daidai da baya, baki ya rufe, nauyinta ya koma kan ƙafafun gaba. Bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. A cikin wannan ɗan tsaikon tana ji. Bayansa ko ganga ka buga a banza.

Sunanta ma na daina kira a fili, don na riga na lalata shi. Ta ji "Guguwa! Guguwa!" a bayanta tana gudu har ya zame mata kamar kirari. Na sayi usur irin na alƙalin wasan ƙwallo, na fara daga farko a tsakar gida, na kuma kafa wa kaina doka: in ta riga ta tashi, ba na busawa. In taka igiya, in yi shiru, in je in ɗauko ta. Duk busar da ta ji ta ƙi zuwa tana rage wa usur ɗin daraja.

Da wannan aka samu sauƙi, amma rabi. Takan juyo ta dube ni, ta dubi cukun, ta dubi akuyar, kuma a fuskarta kana ganin lissafin bai fita ba. Me zan ba ta da ya kai gudu daɗi? Babu, sai gudun kansa. A nan ne na tuna hotunan bidiyo da na gani na masu irin karnukan nan a Faransa, inda inji ke jan farar leda a fili karnuka na bin ta. Inji ba ni da shi, amma akwai tsohon keken ƙanena a zaure.

Ga yadda na haɗa shi, don na san za ku tambaya. Na kifa keken a kan sirdi da hannuwansa, na cire taya da tub na ƙafar baya, ya rage ƙarfen kawai mai kwari a tsakiya. A cikin kwarin zaren ke naɗuwa. Zaren nailan ne siriri, mita 150, a bakinsa na ɗaura farin tsumma da guntun fatar zomo. Kada wanda ya sa fatar akuya, kun san dalili. Ɗan yayata ke juya feda da hannu. Zagayen ƙarfen ya kusa mita biyu, juyi ɗaya na feda kuma yana juya ƙafar wajen sau biyu da rabi, wato mita biyar ke nan. In yaron ya dage ya yi juyi biyu a daƙiƙa, tsumman na tafiyar kilomita 36 a awa. Karen Azawak yana kai wajen kilomita 60. Ranar farko kafin yaron ya kama hannu ta riga ta cafke tsumman tana girgiza shi. Dole sai an ba tsumman rata mai yawa kafin a sake ta.

Abin da ya fi cin raina shi ne zaren. Da an ɗauki gudu sai ya tsallake kwarin ya faɗa cikin wayoyin ƙafar, ya cukurkuɗe da sarƙa, mu zauna a rana muna warwara karyar na kuka tana jan igiya. Na yanke zare na ƙulla har ya zama duk ƙulli, na sayi wani. Na ɗaure keken da duwatsu, na canja tsayinsa, duk bai hana ba. Maganin ashe ƙaramin abu ne: zaren na shigowa ne a karkace duk lokacin da tsumman ya yi tsalle a kan kunya. Mai walda ya lanƙwasa mini zoben ƙarfe a kan turke, dala ɗari biyu, na kafa shi taki uku a gaban keken daidai saitin kwarin, zaren ya bi ta ciki. Tun ranar bai sake fita ba. In za ku yi, ku sa a goge bakin waldar sosai, in ba haka ba zoben zai cinye zaren.

Tsarin kuma shi ne: usur, ta zo ta taɓa tafin hannuna da hanci, sannan in ɗaga wa yaron hannu, tsumma ya tashi, in sake ta. Ba ta samun gudu sai ta biyo ta wajena. Da ta gane haka sai na fara yi awaki na can nesa ƙwarai, ina matsowa kaɗan kaɗan. Na so in bi mataki mataki yadda na tsara a takarda, amma makiyaya ba sa bin takardata, wata rana garke ya ɓullo ta bayanmu, wata rana babu ko ɗaya. Gudu uku ko huɗu ya isa, da sanyin safiya bayan asuba, kuma da yunwa. Kare mai zurfin ƙirji ba a cika masa ciki a sa shi gudu, cikin na iya murɗewa, kuma wannan kisa yake yi cikin awoyi.

Sai ta yi mini wayo: in ba ta ga keke ba, ba ta jin usur. Na koma ɓoye keken a bayan kalgo tun kafin in fito da ita, wani lokaci kuma in bar shi gida in sa tsumma a aljihu ɗaure a gajeren zare, in ja mata shi a ƙasa da gudun ƙafata. Yau da safe ma tsumman aljihun ne ladanta.

Masu cewa a hoto ta rame, ba ta rame ba. Kilo 17 take, macen Azawak kuma tsakanin 15 da 20 ake so, haƙarƙari da ƙasusuwan ƙugu a bayyane. Tuwon gero da nono take ci kamar yadda ta tashi a ruga, da ɗan nama da ɗanyen ƙashi. Miyar gida ce ba ta gani, don a ƙasar albasar Galmi babu tukunyar da ba a zuba ta, albasa kuwa tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafaffiya ko ɗanya. Allurar haukan kare ma an sabunta mata kafin in fara sakinta, fili akwai dila da karnukan da ba su da mai su.

Ɗan uwan da ya rubuto daga Yamai yana son in haɗa ta da karensa na Jamus, ka yi haƙuri, a'a. Hukumar karnuka ta duniya, FCI, ta amince da Azawak a matsayin iri mai zaman kansa tun farkon shekarun 1980, hukumar karnukan Amurka, AKC, ta bi a 2019, mu da karen ya fito daga ƙasarmu kuma muna gauraya shi don a samu kwikwiyo mai kauri na sayarwa. Sau ɗaya a shekara take neman namiji, kuma sai ta wuce shekara biyu zan yi tunanin abin, shi ma sai na san gidan da kowane kwikwiyo zai je.

A cikin gari har yanzu tana kan igiya, Inna ma ta san haka. Akuyar da ta zabura a kusa, ƙasa da taki talatin, ban yarda da ita ba tukuna. Zabi kuwa sun fi ƙarfina gaba ɗaya: da sun yi kukan nan sun watse, tsaikon da nake jira ba ya nan sam, daga tsaye sai gudu. Wanda ya taɓa raba karen Azawak da zabi ya faɗa mini ta inda ya fara. Sannan masu zuwa Ƙonni, ku duba mini zaren nailan da ya ɗan fi nawa kauri, wannan ya fara cinyewa a wajen zoben.