Abin da kayan likkafar tsohuwar Ingila suka koya mini

A karatuna na binciken kayan tarihi da ake tonowa daga ƙasa, babu abin da ya gyara mini ido kamar wasu 'yan farantai na tagulla da mahayan Ingila suke kafawa a madaurin likkafa a ƙarni na 11, tun daga wajajen zamanin Sarki Kanut, mutumin Denmak da ya mulki Ingila daga 1016 zuwa 1035, har zuwa bayan mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066. Yawancinsu ba su kai tsawon yatsa ba. Fuskarsu ce take fara jan hankali, domin a kanta ake zuba siffar zaki, ko wasu dabbobi masu nannaɗe jiki irin na adon Sikandinabiya da ake kira Ringerike da Urnes.

Amma amfanin abin a bayansa yake ɓoye. Idan aka kifa shi, za a ga gindinsa ya lanƙwashe ya yi ɗan leɓe, ga hujin ƙusa a sama da kuma a ƙasa, sau da yawa da tsatsar ƙusoshin baƙin ƙarfe maƙale a ciki. An daɗe ana rubuta irinsu a matsayin adon bangon littafi ko na akwati, kafin masana su gane cewa leɓen nan yana zama ne daidai inda fata take zagaya kunnen likkafa. A 1997 wani masanin kayan tarihi, David Williams, ya tattara sama da 500 ya rarraba su aji-aji, kuma a ganina yawan nan ne ya kashe gardama, domin guda ɗaya ba ta isa hujja ba.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na wurin tsintuwa. Mutanen Ingila na lokacin Kiristoci ne, sun daina binne mamaci da kayansa, saboda haka a gonaki ake samun waɗannan, inda wataƙila suka ɓalle daga sirdin matafiyi, kuma masu na'urar gano ƙarfe ne suke tsintar mafi yawansu. Tsarin rajistar irin wannan tsintuwa da aka fara a 1997 ya nuna yawansu a gabashi da kudancin ƙasar, har da marasa kyawun zubi, alamar cewa hawa da likkafa bai tsaya ga manyan fada ba. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini guda, kafin na dubi zakin da ke fuskarta nakan tambaye shi gonar da ya tsince ta.