Inda aikin lambuna ya kai: gwanda ta fara 'ya'ya, tsuntsaye sun fara zuwa

'Yan'uwa masu koyon lambu, barkanmu da aiki. Ga inda aka kwana a nawa ɗan filin.

Gwandar da na dasa ta nuna jinsinta. Ga wanda bai kai wannan matakin ba: namijin gwanda yana fitar da ƙananan furanni a kan dogayen sillaye masu lilo, macen kuwa furenta babba ne, manne da jikin itacen. Akwai kuma mai haɗe da jinsi biyun, wadda ke yin 'ya'ya ita kaɗai. Shi ya sa ake shuka uku a rami guda, sai sun yi fure a rage. Na bar namiji ɗaya, don ɗaya yana isar mata kusan goma. Abin da gwanda ba ta yafewa shi ne ruwa ya kwanta a gindinta, saiwar ruɓewa take yi, saboda haka na ɗaga mata ƙasa ta yi tudu. Gwaba da mangwaro mai aure suna nan suna girma. Mangwaron sai shekara 3 zuwa 4 kafin a sa rai, na ƙwallo kuwa yakan haura 5.

Amma abin da ya fi ɗauke mini hankali kwanan nan tsuntsaye ne. Mutane da yawa da watsa hatsi suke farawa. A ganina ruwa ya fi kira, kuma ba ya tara ɓeraye. Faranti mai faɗi na ajiye, zurfin ruwan bai wuce santimita 5 ba, da dutse a tsakiya don ƙananan su sami wurin tsayawa. Yana kusa da itace yadda za su tsere idan shaho ya gifta, amma ba a cikin duhuwar da kyanwa za ta laɓe ba. Kurciya da gwara suka fara sauka. Daga baya ƙananan nan masu siririn baki a lanƙwashe, masu shan zumar fure, suka biyo jajayen furannin da ke bakin katanga.

Ku kula da sauya ruwan. Sauro yana iya tashi daga ƙwai ya zama babba cikin kwana 7 zuwa 10, don haka farantin da aka manta da shi gidan sauro ne. A zubar duk bayan kwana biyu, a goge kafin a sake cikawa.

Na kuma ajiye feshin maganin ƙwari gaba ɗaya. Yawancin ƙananan tsuntsaye, har masu cin hatsi, da tsutsa da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu. Idan ka kashe ƙwarin, me zai sa su yi sheƙa a wurinka? Ganyena yana da 'yan huji-huji, ban damu ba.

To, sai maganar da za ku yi mini: ai tsuntsun da ka gayyato shi zai huda maka gwandar. Gaskiya ne, ba a cin zuma sai da harbi. Dabarata ita ce in tsinki gwanda da zarar launin ɗorawa ya fara bayyana a jikinta, ta ƙarasa nuna a ɗaki, na can sama kuma in bar musu. Gwaba idan ta zo, jakar takarda zan ɗaura wa kowace. Wanda zai sa raga, ya nemi wadda yatsa ba ya shiga idonta, domin mai manyan idanu tana sarƙe tsuntsu har ya mutu.

Game da kwanciyar hankali, ba na son cika baki, lambu ba asibiti ba ne. Sai dai a 1984 Roger Ulrich ya wallafa wani bincike a kan marasa lafiyar da aka yi wa tiyata a Amurka: waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bango barin asibiti, kuma sun sha maganin raɗaɗi mai ƙarfi ƙasa da su. Ni dai na lura cewa lokacin ban ruwa da safe ne kaɗai hannuna ba ya neman waya.

Aikin da ke gaba shi ne rufe gindin gwabar da busassun ganye, tare da barin tazarar tafin hannu daga jikin itacen. Wanda ya taɓa rage wa gwaba rassa a shekararta ta farko, ina son jin reshe nawa ya bari.