Sana'ar riƙe wa mutane shafukansu, da gardamar da ta ƙi ƙarewa a ofishinmu

Aikinmu shi ne riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa shafukansu na sada zumunta. Mu ne muke ɗaukar hoton kaya, mu haɗa gajeren bidiyo, mu rubuta bayanin da za a saka a ƙarƙashinsa, mu sayi talla idan mai kaya ya ware kuɗinta, sannan mu zauna muna amsa tambayoyin jama'a da sunan mai shafin. Kamfanin ƙarami ne, ko ɗaki ɗaya ba mu cika ba. Duk da haka bakinmu bai taɓa zuwa ɗaya ba a kan wannan abu da muke ci da shi, ko alheri ne, ko kuwa fitina ce da ta zo da ɗan riba a gefe.

Yawancin mutane sun ɗauka ɗora hoto ne aikin. Ɗora hoto ba ya cin minti biyu. Abin da ke cinye yini shi ne akwatin saƙo. Wani zai tambayi farashi a ƙarƙashin hoton da aka rubuta farashin ɓaro-ɓaro. Wata za ta nemi a turo mata hoton kayan ta gaba da ta baya da ta gefe, a turo, ta ce za ta yi shawara, daga nan ta yi ɓatan dabo. Wani kuwa gaisuwa kawai zai yi ya yi shiru, sai ka lallaɓa shi kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, kuma sau da yawa shi ne mai sayen. Wanda aka amsa wa cikin 'yan mintuna yakan tsaya a yi ciniki. Wanda aka bari sai gobe ya riga ya saya a wani shafin, domin masu sayar da irin kayan suna nan jere a wayarsa.

Sayen talla kuma ilimi ne mai zaman kansa. A Facebook da Instagram, kai ne za ka faɗi abin da kake so tallar ta jawo, saƙo ko kallo ko saye, ka zaɓi shekarun mutanen da kake nema da yankin da suke. Duk lokacin da mutum ya buɗe manhajar, ana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu talla da ke neman idonsa. Ba wanda ya fi zuba kuɗi ne kullum ke cinyewa ba. Tsarin yana haɗa kuɗin da ka taya, da hasashen ko mutumin zai yi abin da kake so, da ingancin tallar kanta. Shi ya sa bidiyo mai kyau da kuɗi kaɗan yakan doke hoto mai duhu da aka zuba wa kuɗi, kuma shi ya sa irinmu muke samun abin yi.

Abokin kasuwancina, wanda muka kafa kamfanin tare, yana cikin masu yabo ba tare da waiwaye ba. Hujjarsa ɗaya ce kuma mai ƙarfi ce. A da, talla a rediyo ko talabijin ko jarida sai manyan kamfanoni. Yau matar da ke ɗinki a ɗakinta tana iya nuna aikinta ga dubban mutane da wayar hannunta. Tun da WhatsApp ya fito da manhajar 'yan kasuwa a 2018, mai ƙaramar sana'a ya samu wurin jera kayansa da amsa saƙo kai tsaye ba tare da ya gina shafin intanet na kansa ba. Idan aka kawo masa zancen illa, sai ya ce masu wannan magana ba su taɓa ganin fuskar wanda ya samu oda ta farko daga mutumin da bai taɓa sani ba. Ni na ga irin wannan fuska, don haka ba na musa masa.

Yarinyar da ke haɗa mana bidiyo ita ce ta ɗaya ɓangaren, kuma ita ta fi mu duka iya aikin. Duk ƙarshen mako sai ta cire manhajojin daga wayarta, ta mayar da su ranar aiki. Da na tambaye ta dalili, cewa ta yi, "Oga, ni nake ɗana tarkon, na san yadda yake kamu." Abin da take nufi shi ne daƙiƙa uku na farkon bidiyo. Facebook ya daɗe yana ƙirga kallo daga daƙiƙa uku, don haka duk dabararta tana tafiya wajen hana yatsan mutum wucewa: motsi tun a hoton farko, rubutu mai girma, tambayar da ba a ba da amsarta sai can ƙarshe. Takan zauna ta yanke rabin daƙiƙa daga farkon bidiyo, ta sake kallo, ta ƙara yankewa. Ta ce wanda ya san irin wannan wahalar da ake sha don a riƙe idonsa ba zai ƙara yarda cewa da son ransa ya kwana yana jan allo ba.

Kuma ba ita kaɗai ke wannan magana ba. Aza Raskin, wanda ake danganta wa ƙirƙirar allon da ba ya ƙarewa komai yawan ja, a 2006, daga baya ya fito ya nuna nadamarsa. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida, ta kuma ba da shaida a gaban Majalisar Dattawan Amurka. Cikin takardun akwai binciken kamfanin da kansa da ke nuna cewa Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata matasa damuwa a kan surar jikinsu. Ostireliya ta yi doka a ƙarshen 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar asusu a manyan dandalin, dokar ta fara aiki a Disamban 2025. Abokina yakan amsa da cewa masu bincike kansu ba su daidaita ba a kan girman illar, wanda gaskiya ne, har yau suna kai ruwa rana. Sai dai shi ma bai ba ƙaramar 'yarsa waya ba tukuna, kuma idan aka tuna masa sai ya canza zance.

Kwastomomi ma kala-kala ne. Akwai dattijon da 'ya'yansa suka tilasta masa zuwa, wanda a ganinsa wurin duk gulma ce da ƙarya da nuna arzikin da babu. Ban taɓa ƙoƙarin canza masa ra'ayi ba. Na dai ce masa, "Alhaji, ba sai ka shiga ba, kayanka ne za su shiga." A haka muka daidaita, kuma har yanzu bai san kalar shafinsa ba, oda kawai ake kai masa. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne mai son yawan mabiya. Zai zo da sunan wani shafi ya ce so yake nasa ya kai haka kafin wata ya ƙare, ko da saye ne. Mabiyan saye asusun bogi ne, ba sa kallo, ba sa tambaya, ba sa saye. Abin da muke gani a aiki shi ne shafin da aka cika da su yakan ƙara mutuwa, domin tsarin yana lura da cewa ana nuna kaya ba mai motsi, sai ya rage nunawa. Na ga shafi mai mabiya kaɗan da ke ciyar da gida, na ga mai tarin mabiya da ba ya sayar da komai a mako.

Nawa ra'ayin bai zauna daidai da na kowa a cikinsu ba. Abin da ya fi damuna shi ne wanda masu yabo da masu zagi duk ba su cika tsayawa a kansa ba: shafin ba naka ba ne. Ɗan haya ne kai, kuma mai gidan yana iya canza ƙofa ko ya ƙara kuɗi ba tare da ya shawarce ka ba. Kusan duk kuɗin shigar Meta, uwar kamfanin Facebook da Instagram da WhatsApp, daga talla yake fitowa, don haka duk wani sauyi da zai sa ɗan kasuwa ya biya kafin a gan shi yana cikin maslaharsa. A Janairun 2018 shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya sanar da cewa za a fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka wallafa a kan na shafukan kasuwanci da kafafen labarai, kuma masu shafuka a ko'ina suka ga masu ganin kayansu kyauta sun ragu. A Afrilun 2021 Apple ya fara tambayar masu iPhone ko sun yarda manhajoji su bi diddiginsu. Mutane da yawa suka ce a'a, Meta da kansa ya ce abin zai ja masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022, kuma auna sakamakon talla ya ƙara wuya ga kowa. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Indiya ta haramta TikTok a Yunin 2020, waɗanda suka gina sana'arsu a kansa suka wayi gari ba su da wurin tsayawa. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da aka nemi ra'ayin mai ƙaramar sana'a.

Saboda haka abu na farko da muke yi wa sabon kwastoma ba hoto ba ne. Muna kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata lamba kafin a shiga shafin, mu sa mutum biyu a matsayin masu kula da shafin, sannan mu buɗe masa rajistar masu saye, suna da lambar waya, da yardarsu, a ajiye a wajen dandalin. Wata kwastomarmu ta taɓa samun saƙo mai kama da na hukumar wani dandali, wai za a rufe shafinta cikin awa 24 idan ba ta tabbatar da bayananta ba. Ta danna, ta saka kalmar sirrinta, kafin yamma ɓarayin sun canza sunan shafin suna karɓar kuɗin mutane da hotunanta. Shafin bai dawo ba. Rajistar nan ce ta ba ta damar sanar da masu sayenta ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe sabo.

Akwai ayyukan da ba ma karɓa, kuma a nan ne kaɗai ni da abokina da yarinyar bidiyo muke magana da murya ɗaya. Ba ma rubuta shaidar ƙarya da sunan masu saye, ba ma tallata maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta, ba ma ɓata sunan abokin hamayyar kwastoma ta asusun ɓoye. Masu neman irin wannan suna biya da kyau, domin sun san yana aiki. Takardun Haugen sun nuna cewa daga 2017 tsarin Facebook ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, nauyin da ya ninka na alamar so sau biyar, kafin daga baya a sauke nauyin ta fushin. WhatsApp ma sai da ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Indiya a 2018 bayan jita-jita ta jawo kashe-kashe, sannan a sauran duniya a 2019. Wanda ya san yadda abin ɓacin rai ke gudu a waɗannan wurare, ya kuma zaɓi ya ci da shi, bai isa ya ɗora wa waya laifi ba.

Gardamar da ke gabanmu yanzu ta lokacin tashi ce. Yarinyar bidiyo tana so a daina amsa saƙo daga ƙarfe tara na dare, a bar amsa ta atomatik ta ce za a tuntuɓi mutum da safe. Abokina ya ce a lokacin ne mutane suke kwance da waya a hannu, kuma a lokacin ake ciniki, wanda alƙaluman shafukanmu suka gaskata. Na yanke cewa a gwada nata tsarin a rabin shafukan na wata guda, a bar sauran yadda suke, sannan mu zauna mu duba yawan odar kowane ɓangare. Kwastoma biyu sun riga sun kira suna tambayar dalilin da ya sa ba a amsa wa masu sayensu da dare.