Balan-balan 99

Yau na kai wayata gyara, yaron shagon yana gwada sifika sai ga waƙar "99 Luftballons" (wato balan-balan 99) ta Nena, wata ƙungiyar mawaƙan Jamus. Ko kalma ɗaya ba ya ji, amma sai kaɗa kai yake, sukudireba a baki. Na ce masa, "Ƙanena, waƙar yaƙi ce fa." Ya yi dariya, ya ƙara murya.

A 1982 mai jitarsu, Carlo Karges, ya ga an saki balan-balan a wasan mawaƙan Rolling Stones a Berlin ta Yamma, ya ce in suka tsallaka katangar da ta raba birnin suka shiga Berlin ta Gabas, sojoji suka zaci hari ne fa? Daga nan waƙar ta samo asali. Ta fito a 1983, da Jamusancinta ta kai matsayi na 2 a Amurka. Anya masu rawa da ita sun san tsoro ne ya haife ta?