Godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar idon Baba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Baba ya kammala ɗiga magani, likita ya duba ya ce wurin ya warke sumul. A madadin danginmu na Dadin Kowa da na cikin garin Gombe nake wannan godiya.

Ga waɗanda labarin ya iske sama-sama: wani ɗan tsiro ne fari-fari mai kaushi ya fito masa a farin ido, daidai bakin baƙin, jijiyoyi jajaye sun kewaye shi. Ba zafi, sai ƙaiƙayi da hawaye. Kowa cewa yake naman ido ne irin na manoma.

Godiyata ta farko ga ma'aikaciyar jinyar da ta haska idon da tocila, ta ce wa Baba, "Baba, wannan ba na ɗiga-ɗiga ba ne, a tafi babban asibiti." Allah Ya biya ki, 'yar'uwa. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe aka yanke tsiron har da ɗan lafiyayyen naman gefensa, aka kai ɗakin gwaji, domin ido kaɗai ba ya tantance shi. Sakamako ya nuna ciwon daji ne, amma bai ratsa ciki ba. Da an yi jinkiri, ƙwayar idon ake iya cirewa gaba ɗaya.

Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce yawan hasken rana na jawo shi, kuma ya fi samun masu cutar ƙanjamau, shi ya sa ake yi wa duk mai irinsa gwajin jini. Ba zargi ba ne, ƙa'idar aiki ce. Sannan ya ɗora Baba kan maganin ciwon daji na ɗigawa a ido mai suna 5-FU, sau 4 a yini, mako 4. Yana da raɗaɗi ƙwarai, idon ya yi jawur, amma binciken da aka yi a Kenya aka wallafa a 2016 ya nuna yana rage dawowar tsiron daga kashi 36 cikin ɗari zuwa 11.

Inna, ke kika riƙe lokutan ɗigawa, ko na dare bai taɓa wuce ki ba. Kawu da maƙwabtan gona da suka girbe shinkafar Baba yana kwance, jama'ar masallacin unguwa da suka haɗa gudummawa, Allah Ya saka da alheri, Ya raba ku da jinya.

Za mu ci gaba da kai shi asibiti ana duba shi kamar yadda aka umarta. A sa mu a addu'a.