Kwana ɗaya a Lodz, garin da ake kira "Wuj"

Tun a tashar jirgin ƙasa ta Warso na fara shan kunya. Na ce wa mai sayar da tikiti "Lodz", ta dube ni ta ce "Wuj". Ashe haka mutanen Poland ke faɗin sunan garin, rubutu daban, baki daban. Ƙanena da ke karatu a can bai daina dariya ba har jirgi ya tashi.

"Yaya, duk wannan wahala saboda mutumin da ya rasu tun 1996?"

Saboda shi ne. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki a Kaduna, kuma tun ranar da na kalli Dekalog, finafinai goma na Krzysztof Kieslowski, kowanne kusan awa ɗaya, duk a rukunin gidaje guda a Warso, nake son ganin inda ya koyi aiki.

Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Da muka sauka sai na ga kamar na san garin. Dogayen gine-gine na jan bulo, bututun hayaƙi da suka daɗe ba hayaƙi. Lodz garin masaƙu ne, kuma masaƙun sun durƙushe bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989. Wanda ya tashi a Kakuri ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan shiru. Bambancin kawai, su sun mayar da babbar masaƙar Poznanski kasuwar zamani mai suna Manufaktura, namu kuwa ciyawa ce ta gaje su.

Makarantar fim ɗin tana titin Targowa, an kafa ta a 1948. Na zaci zan ga wani katafaren wuri, sai na tarar da tsohon gidan attajiri, ga matakalar nan da ɗalibai suka saba zama a kanta suna gardama. Fitattun masu shirya fim Andrzej Wajda da Roman Polanski duk nan suka yi karatu. Shi Kieslowski sau biyu yana faɗuwa jarrabawar shiga, sai a na uku aka ɗauke shi, a 1964. Kafin nan har makarantar 'yan kwana-kwana ya leƙa, bai jima ba ya bar ta. Fim ɗin da ya yi na kammala karatu a kan garin nan ne, da matan da ke aiki a masaƙu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin da ya sa ya bar ɗaukar rayuwar mutane ta zahiri, bayan ya shafe fiye da shekara goma yana yi. Wata rana yana ɗaukar fasinjoji a babbar tashar Warso, 'yan sanda suka ƙwace fim ɗin suna neman wata da ake zargi da kisa. Ya gane kyamararsa za ta iya zama idon hukuma. Ban da haka, ya ga akwai lokacin da bai kamata a kafa wa mutum kyamara ba, musamman in yana kuka na gaske. Sai ya koma ƙagaggen labari, yana rubutawa tare da wani lauya, Krzysztof Piesiewicz. Ni da nake cusa kyamara a fuskar amarya tana kukan rabuwa da gida, na yi shiru a kan matakalar nan na ɗan lokaci.

Kieslowski ya koyar a garin Katowice, makarantar fim ta can ma yanzu sunansa take ɗauke da shi. Bayan finafinansa uku na launukan tutar Faransa, a 1994 ya ce ya ajiye aiki. Shekara biyu bayan haka ya rasu bayan tiyatar zuciya, yana da shekara 54.

Da yamma muka bi titin Piotrkowska, inda aka kafa taurarin tagulla a ƙasa da sunayen 'yan fim, sanyi na neman tsinke mini kunnuwa. A jirgin cikin gari da ya mayar da mu tasha, wata tsohuwa ta zauna gabana, yatsunta duk sun lanƙwashe, tana kallon masaƙun ta taga. Na zaro waya. Ƙanena ya ce, "Yaya, ɗauka mana." Na mayar da ita aljihu, na tambaye shi ƙarfe nawa jirginmu zai tashi.